Sharar Azurfa

A gidanmu na Ƙofar Dumi ba a fitar da sharar zaure waje. Ta tsakar gida a zubar, ta madafa a zubar, amma ta zaure, inda Baba yake ƙirar azurfa, a gwangwani ake zuba ta. Ni ce mai sharar tun ina 'yar shekara bakwai. Idan ya tashi sallar la'asar sai in shiga da 'yar tsintsiyata mai laushi, in bi gindin uwar maƙera, in bi jikin bango, in kakkaɓe buzun da yake zama a kai, in juye duka a wani tsohon gwangwanin madara da ke bayan ƙofa. Ƙasa ce da toka da ɓurɓushin gawayi, ba abin da ido zai gani. Amma duk shekara kafin azumi Baba yakan wanke ta, ya narka abin da ya kwanta, ya fitar da ɗan curin azurfa kamar ƙwayar gyaɗa ya ɗora min a tafin hannu da sauran ɗuminsa. Ranar da na taɓa mantawa na watsa sharar a lungu, bai dake ni ba. Sa ni ya yi na tsugunna na kwashe ta da hannu, mutane suna wucewa suna kallona. Ban sake ba.

Na fara da wannan ne don a gane yadda aka yi mace mai hankalinta, malamar kimiyya a makarantar sakandare ta 'yan mata, ta yi shekara uku tana maimaita kuskure ɗaya.

Hutun ƙaro karatu na shekara biyu aka ba ni in yi digiri na biyu a jami'a, nan cikin Bauchi. Ban yi wata biyar da farawa ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da Baba. Hannun dama ya tafi, ƙafar dama ta tafi, magana ta zama sai kalma ɗaya-ɗaya, ita ma da ƙyar. Inna ta rasu tuntuni. Yayyena maza biyu suna nesa, wayarsu ta fi ƙafarsu zuwa. Ni ce a gari, aurena kuma ya mutu, ba ni da uzurin da zan kawo. Na kwashe kayana na dawo gida. Ƙanwar Baba, Gwaggo, takan zo ta zauna da shi daga safe zuwa azahar, ba ta ƙara minti ɗaya. Don haka duk kimiyyata tsakanin ƙarfe takwas da azahar take. In fito lungu, in hau keke napep, in shiga lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, in fito, in hau keke, in dawo lungu. Shekara uku duniyata ba ta wuce wannan layin ba, har masu keken bakin titi suka daina tambayata inda za ni.

Aikin da Farfesan da ke duba ni ya ba ni, a faɗe ba shi da wuya. Ana narka gishirin azurfa, a zuba masa wani sinadari, sai azurfar ta fito a matsayin ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ake kira nano. Idan aka jera fiye da dubu goma a layi ba su kai kaurin gashin kai ɗaya ba. Da an bar su haka nan, da sun manne da juna sun zama dunƙulen banza. Shi ya sa ake zuba wani mai da ke kama jikin kowace ƙwaya ya zame mata riga, yadda za su kusanci juna ba tare da sun haɗe ba. Man nan wari gare shi kamar ruɓaɓɓiyar albasa, yana bin hijabi har gida. Gishirin azurfar kuma baƙanta yatsu yake yi. Mata a keke sun sha tambayata wace mai lalle ce ta cuce ni haka.

Bayan nan sai a ɗiga ruwan a kan wani ɗan faifan jan ƙarfe da bai fi kan ashana ba, a rufe, a bar shi ya bushe a hankali. Yayin da ruwan ke ƙafewa wuri yana ƙara yi wa ƙwayoyin kaɗan. Suna matsowa, suna jan juna kaɗan-kaɗan, kowace tana zamewa a kan rigar 'yar'uwarta har ta sami gurbi. Ba mai jera su. Idan komai ya tafi daidai, da kansu suke shirya sahu, kowace ƙwaya da maƙwabta shida kewaye da ita, sahu a kan sahu, har su tashi gungu babba mai miƙaƙƙen gefe. Hoton wannan gungun Farfesa yake so. Idan babu shi, babu sa hannu, babu digiri.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ban taɓa ganin ƙwayoyin nan da idona ba. Na'urar da ke iya ganinsu ba mu da ita, tana wani gari mai nisa. Sai in shirya faifan, in saka a ɗan akwati, in naɗe da auduga, in kai tasha, in yi ta jiran layi ya zo kaina a can. Wani lokaci mako uku, wani lokaci wata biyu. Sannan hoto ya shigo wayata. Duk hoton da ya zo iri ɗaya ne: kamar an ɓarar da gero da dawa da wake a tabarma. Manya sun taru nan, ƙanana sun cusa kansu tsakani, ga ramuka ko'ina.

Farfesa mutum ne mai haƙuri, irin haƙurin da ke ƙara wa mutum haushi. Yakan cire tabarau ya duba ya ce, "Malama, girmansu bai zo ɗaya ba. A sake." Ya zargi zafin bazara, na koma aiki da sassafe. Ya zargi ɗaukewar wuta ana tsakiyar juyawa, na koyi jiran janareto. Ya zargi ruwa, ya zargi kwalabe, na wanke su har fatar hannuna ta yi saɓa. Ya ce bushewar ta yi sauri, na rufe faifan da kofi biyu. Duk abin da ya ce na yi, na rubuta a littafi. Aikin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Abu ɗaya ne ban rubuta ba, don a raina ba ya cikin aikin. Ina da wata kwalba mai ruwan ƙasa a ƙasan kabad. Duk ranar da na yi sabon haɗi, abin da ya rage a gindin tulun gilashi sai in ɗauraye in juye a cikinta. Hannuna ne ke yi, ba kaina ba. Idan kuma sabon haɗin ya yi min kamar ya tsinke, sai in ɗan ƙara masa daga kwalbar don ya yi kauri. Ba tsada ce ta sa ni ba, gishirin azurfa akwai shi a sito. Kawai ba zan iya tsayawa ina kallo a juye azurfa a jarkar sharar lab ba. Matar da ke kula da lab ɗin, 'yar kudu ce da ta daɗe a Bauchi, kowa Madam yake ce mata, ta sha ganina. Takan yi dariya ta ce, "Malama, kai ba ya zubar da komai? Wannan kwalba za ka bar wa jikoki?" In ce mata gado ne. Ita a zatonta ajiya kawai nake yi, ba ta san ina ɗiba ba.

Shekara biyu ta cika, na roƙi ƙari aka ba ni ɗaya. Ita ma ta zo ƙarshe. Sai takarda ta zo daga wurin aiki: in koma aji farkon zangon da ke tafe, da digiri ko babu. Jami'a ma ta ce wannan ne zangona na ƙarshe. Na lissafa makonnin, na ga faifai ɗaya kawai zan iya aikawa ya dawo kafin lokacin. Idan ya zo kamar sauran, zan koma ajin da na bari, in tsaya gaban allo ɗaya, abokan aiki suna ce min sannu da dawowa suna kallon hannuna. Tsoro na ji, da kunya, da wani haushi da na rasa wanda zan sauke wa. Na ji haushin yayyena. Na ji haushin Gwaggo da agogonta. Allah ya yafe min, akwai ranakun da na ji haushin Baba.

Ranar da hoto na kusa da ƙarshe ya zo, ina zaune ne a ɗakinsa bayan la'asar ina ba shi kunu. Na duba wayar, na ga geron nan da waken nan, na ajiye cokalin da ƙarfi har kunun ya fallatsa. Baba ya dube ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata," ya ce. Ya miƙo hannun hagu.

"Ba komai, Baba. Aikin makaranta ne."

Bai janye hannun ba. Na ba shi wayar don kawai a zauna lafiya. Ya kai ta kusa da ido, ya daɗe. Na buɗa masa hoton da yatsu biyu, na ce azurfa ce, ƙanana ne, so ake su jeru sun ƙi. Ban yi zaton ya gane ba. Sai ya ɗaga haɓa ya nuna ƙofa.

"Zaure. Faranti. Rariya."

Tun da ya kwanta ba a buɗe akwatin aikinsa ba. Na je na buɗe ina ƙunƙuni. Baba ya yi suna ne da aikin tsaba, wato 'yan ƙananan ƙwallayen azurfa da ake jerawa a kan awarwaro da 'yan kunne. Yakan yanka waya gutsi-gutsi, ya baza a kan gawayi, ya hura wuta har kowane gutsure ya dunƙule. Na tarar da farantinsa na tagulla, da rariyoyi uku ƙanana masu huda daban-daban, da kwalbar tsabar da bai kai ga tacewa ba. Na kawo na ɗora masa a cinya.

Ya sa na juye tsabar a farantin yadda take. Ya ɗan karkata shi, ya ƙwanƙwasa gefen da farce. Tsabar ta gangara ta taru a gefe ɗaya, manya da ƙanana a cakuɗe, ga giɓi nan da can. Ya sake ƙwanƙwasawa, ba abin da ya canja. Ya dube ni, ya dubi wayar. Sannan ya sa na tace. Ta saman rariyar farko a gefe, wadda ta zube ƙasan ta ƙarshe a gefe, ta tsakiya kaɗai ya bari na mayar. 'Yar kaɗan ce. Ya karkata farantin, ya ƙwanƙwasa sau uku. Ina kallo suka shiga sahu da kansu, layi bayan layi, kowace da shida kewaye da ita. Na ga wannan sau ɗari ina yarinya, ban taɓa ɗaukarsa komai ba.

"Na sani, Baba," na ce, da ɗan zafi. "Na san sai girmansu ya zo ɗaya. Shi ne abin da ya gagara. Kullum iri ɗaya nake haɗawa."

"Kin haɗa," ya ce.

"Me na haɗa?"

Ya nuna manyan, ya nuna ƙananan, ya dunƙule hannu. "Wuta biyu. Uku. Kin haɗa."

Wato idonsa ya gane cewa abin da ke hoton ba aikin rana ɗaya ba ne. Tsabar wuta ɗaya, ko ta bambanta, kusa da juna take. Wannan kuwa gida-gida ce, ga manya iri ɗaya, ga matsakaita iri ɗaya, ga ƙanana. Sai kwalbar ƙasan kabad ta faɗo min a rai. Haɗin ranar zafi ƙwayoyinsa daban, na ranar da wuta ta ɗauke daban, na damina daban. Duk gyaran da Farfesa ya sa ni, wataƙila ya yi aiki tun tuni. Ni ce nake zuwa daga baya in zuba wa sabon haɗi ragowar shekara uku.

Na gaya masa. Kuma don rashin ta ido na ɗora masa laifin. "Ai kai ka ce ba a zubarwa."

Bakinsa ya karkace, wanda tun ciwon nan shi ne dariyarsa. Ya ɗauki lokaci yana haɗa maganar.

"Shara, wuta ake kai ta. Ba faranti ba."

Na fita tsakar gida na yi kukana a gindin randa, na wanke fuska, na dawo na ƙarasa ba shi kunun.

Washegari na gaya wa Farfesa. Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Malama, duk abin da hannu ya yi a lab, a rubuta shi." Sannan ya ce tun da faifai ɗaya ya rage, kada mu dogara da sabon haɗi kawai, mu tace shi. Ba rariyar da za ta tace abin da ido ba ya gani, amma akwai dabara. Ana ɗiga sipirit a cikin ruwan, ɗigo-ɗigo. Rigar man nan ba ta shiri da sipirit, sai ƙwayoyin su fara neman juna. Manya sun fi jan juna ƙarfi, su ne ke fara taruwa, ruwan ya yi duhu-duhu. A saka a injin juyawa su kwanta a gindi, a tsiyaye na sama, a ƙara ɗigo, na biye da su su kwanta. Haka har a raba su gida-gida, a ɗauki na tsakiya.

Kwana huɗu na yi ina wannan, saboda injin sai da wuta, ni kuma sai kafin azahar. Ranar farko wuta ba ta zo ba sam, na zauna ina kallon agogo kamar Gwaggo. Abin da ya rage min a ƙarshe bai cika cokalin shayi ba. Sauran duka, da kwalbar gado, suna jere a kan benci. Madam ta turo min jarkar shara da ƙafa ta ce, "To, Malama, yau za mu gani." Na ɗauki kwalbar, na buɗe, na tsaya. Hannuna ya ƙi. Na roƙe ta takardar tacewa, na zuba sipirit da yawa har duk azurfar ta kwanta, na tace, ruwan ya tafi jarka. Takardar ta bushe da wani baƙin tabo mai ɗan ƙyalli. Na ninke ta na saka a jaka, Madam tana girgiza kai.

Na ɗiga ɗigo ɗaya a faifan, na rufe, na hana kowa taɓa bencin har ya bushe. Na kai tasha. Sai jira. Na guge kayan koyarwata, na nemo tsofaffin littattafan darasi, don kada abin ya zo min ba shiri. Duk ƙarar da wayar ta yi sai in yi wuf in duba. Na daina cin abincin kirki. Na yi wa Gwaggo tsawa a kan murfin tukunya, na ba ta haƙuri, ta ƙi kula ni kwana biyu.

Hoton ya zo ranar Alhamis, saura kwana huɗu a koma makaranta, ina cikin keke a hanyar gida. Ban buɗe ba sai da na sauka na shiga lungu na jingina da bango. Ba duka faifan ne ya jeru ba, gefe-gefe akwai tarkace. Amma a tsakiya ga shi nan, fili guda, ɗigo-ɗigo baƙaƙe a sahu kamar saƙar zuma, tazarar da ke tsakaninsu ɗaya, gefen gungun a miƙe kamar an sa rula. Na tura wa Farfesa. Amsarsa kalma uku ce: ya isa, rubuta. Na ɗauka zan yi tsalle. A maimakon haka sai na zauna a dakalin maƙwabta har wata yarinya ta tambaye ni ko lafiya.

Na shiga na ba Baba wayar. Ya kai ta kusa da ido. Ya ɗora babban yatsa a kan ƙwaya ɗaya, leɓensa yana motsi, yana zagaya ta.

"Shida," ya ce. Ya gyaɗa kai, irin gyaɗawar da yakan yi wa awarwaro kafin ya miƙa wa mai shi. A rayuwata bai taɓa yi min ita ba. Sannan ya ajiye wayar a kan bargo ya dube ni.

"Ragowar fa?"

Na buɗe jaka na fito da takardar, na warware masa. Ya shafa baƙin tabon da yatsa, ya shinshina, ya yamutsa fuska saboda warin. Ya ɗaga haɓa ya nuna zaure.

Gwangwanin yana nan bayan ƙofa inda yake tun ina 'yar bakwai. Na buɗe shi. Sharar shekarar da ya faɗi tana ciki har rabi, azumi uku sun wuce ba a wanke ta ba. Zuga-zugin yana rataye, fatarsa ta bushe ta tsattsage. Yayyena ba wanda ya koyi ƙira, ni kuma shara kawai aka koya min. Na san ba mai sake hura wutar nan, shi ma ya sani. Na ninke takardar na tura ta cikin tokar, na mayar da murfin na danna.

Daga ɗaki ya kira, "Uwata. Kin sa?"

"Na sa, Baba."

Ranar Litinin na koma aji. Da azahar na hau keke na dawo, don Gwaggo ba ta ƙara minti ɗaya.